Yadda Uwa Mai Ƙananan Yara Za Ta Tsara Girki, Wasa da Motsa Jiki a Tsakar Gidanta

Ranar da na kai ɗana na biyu awo yana da wata tara, ma'aikaciyar lafiya ta naɗa masa ɗan tef ɗin nan mai launi uku a damtse, sai ya tsaya a kan ruwan ɗorawa, alamar jikinsa ba ya samun isasshen abinci mai gina jiki. Na ce mata wallahi yaron nan sau huɗu yake shan koko a wuni. Ta ce in nuna mata kokon. Na buɗe filas, ta ɗebo da cokali ta karkata, ya tsiyaye tsululu. Ta dube ni ta ce, "Maman yaro, ai ruwa kike cika masa ciki da shi." Ba rashi ne ya jawo ba. Akwai gero a gidan, akwai gyaɗa, ga zogale a bayan ɗaki har awakin maƙwabta na miƙo kai. Yadda ake haɗa su ne ban sani ba.

Abin da na koya tun daga ranar shi zan zayyana miki, 'yar'uwa, musamman ke da ke zaune cikin Katsina da goyo a baya da wani yana jan zani. Komai da kayan da ake samu a Babbar Kasuwa ko 'Yar Kutungu ko wajen mai tebur na bakin layi ne, kuma duk a tsakar gida za a yi shi.

Ki fara sanin girman cikin da kike ciyarwa

Wata shida na farko nono ne zalla, ko ruwa ba a haɗawa, domin akasarin nonon kansa ruwa ne, ko da a zafin Afrilu. Daga wata shida nono ba ya isa shi kaɗai, sai a fara abinci, a kuma ci gaba da shayarwa har shekara biyu, yadda Alƙur'ani ya ambata kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta. To amma cikin yaro ɗan wata bakwai bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. In kin cika shi da ruwa-ruwa, ya ƙoshi a ido, jiki kuwa bai samu komai ba. Saboda haka kowane cokali sai ya zama da nauyinsa.

Ga ma'aunin da za ki riƙe, da kofi mai cin mililita 250. Daga wata 6 zuwa 8, sau biyu ko uku a rana, ki fara da babban cokali biyu ko uku, ki riƙa ƙarawa har rabin kofi. Daga wata 9 zuwa 11, sau uku ko huɗu, rabin kofi. Daga shekara ɗaya zuwa biyu, sau uku ko huɗu, kashi uku cikin huɗu na kofin har zuwa cikakke, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani, kamar ayaba ko gwanda ko dafaffen dankali.

Garin kunu: aikin kwana biyu, hutun mako uku

Wannan shi ne ginshiƙin tsarin duka. Ma'aikatan lafiya na kiransa Tom Brown. Ma'aunin da nake bi shi ne shida, uku, ɗaya: gwangwanin madara shida na hatsi, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Hatsin yana iya zama gero zalla, ko ki raba shi gero uku, dawa uku. Ni na fi son geron, don ya fi ƙamshi in an soya. In gidan da yawa ki ninka, amma kada ki yi na fiye da mako uku ko huɗu, saboda man gyaɗar da ke ciki yana sa gari ya canja wari in ya daɗe, balle da bazara.

Mataki na farko, tsinta. Ki baza kowanne a faifai cikin haske ki tsince tsakuwa da ƙwari. Gyaɗar ita ke son ido sosai. Duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, ki zubar, kada ki ji asara. Irin wannan gyaɗar da masarar da ta sha danshi suna ɗauke da wani dafi da ake kira afalatoksin, yana lalata hanta, kuma suya ko dahuwa ba sa kashe shi.

Mataki na biyu, ki jiƙa waken suya bayan sallar isha'i ya kwana. Da safe ki murje shi tsakanin tafukanki, ɓawon zai taso sama, ki tsiyaye, ki sake ruwa har ya fita. Ni ina ɗora shi a wuta ya tafasa kamar minti ashirin kafin in shanya, don hakan na rage gafi da kumburin ciki. Geron ki wanke ki rege shi da kyau, domin tsakuwa ɗaya in ta shiga inji ta ɓata garin duka. Kada ki surfe shi fes. Dusar nan da muke zuba wa tumaki akwai amfani a cikinta.

Mataki na uku, shanya. A kan tabarma mai tsabta ko babban tire, a ɗora a bisa, a rufe da siririn mayafi saboda ƙuda da kaji. Da hunturu wuni ɗaya ya isa, sai dai ƙura. Da damina kan kai kwana biyu. Ki gwada da haƙori: in waken ya ce ƙaras, ya bushe. In ya lanƙwashe, da saura, kuma garin da aka yi da ɗanyen wake ba ya kai mako.

Mataki na huɗu, suya, ba mai, kowanne daban, don ba lokaci guda suke nuna ba. Wuta kaɗan-kaɗan, hannu kuma kada ya bar muciya. Gero zai fara ƙamshi ya ɗan yi duhu. Waken suya ya fi cin lokaci, sai ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, in kin tauna ba ki ji gafi ba. Gyaɗa kuwa kin san ta, da ta huce ki murje ki bakace. In wani ya ƙone ki cire ƙonannen, ɗacinsa kaɗai ya isa ya sa yaro ya juya kai.

Mataki na biyar, niƙa. Ki bari komai ya huce sarai, ki haɗa, ki kai inji da sassafe kafin a fara niƙan barkono da kayan yaji. In aike za ki yi, ki ja kunnen ɗan aiken ya ce, "Malam, na jariri ne, a share injin tukuna." Na taɓa yin sakaci da wannan, garin tiya guda ya dawo da yaji, sai manya suka shanye shi. In an dawo da shi ki baza ya sha iska, don inji na ɗumama gari, ki tankaɗe da rariya mai laushi, ki zuba a busasshiyar roba mai murfi. Cokalin ɗiba ma busasshe.

Damun kuwa ba wuya. Babban cokali uku a cike, ki dama da ruwan sanyi kaɗan har gudaji su mutu. Ki zuba cikin tafasasshen ruwa kamar kofi ɗaya kina juyawa, ki rage wuta, ki bar shi minti goma. Gwajinsa shi ne wanda aka yi mini: ki ɗebo ki karkata cokali. In ya tsaya sai da kika girgiza ya faɗo, ya yi. In ya zubo, ƙara gari. Bayan kin sauke ki sa ƙaramin cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa, sannan abu ɗaya daga cikin waɗannan, kina sauyawa: garin zogale ƙaramin cokali, garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, gwaiduwar dafaffen ƙwai da farinsa a murƙushe, ko ayaba. Don zaƙi, dabino da aka jiƙa aka dame ya fi sukari. Zuma kuwa kada ta shiga bakin yaron da bai cika shekara ba, tana iya ɗaukar ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri. Na san wannan magana na yi wa iyayenmu nauyi, amma haka take.

Ran farko ki ba shi kaɗan ki zuba ido, saboda akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko ƙwai. In kin ga kumburin leɓe ko fuska, ko borin jini, ko numfashi ya sauya, asibiti kai tsaye. Da kofi da cokali ake bayarwa. Ɗura da ake yi, a toshe wa yaro hanci a kwarara masa kunu, tana iya tura shi cikin huhu. In ya ƙi, ki bari zuwa anjima. Sabon abinci sai an yi ta kawo shi sau da yawa kafin wani yaron ya amince.

Tukunyar gida ɗaya, gyara kaɗan

Ba na goyon bayan a riƙa ɗora tukunya biyu kullum, ba itacen, ba ƙarfin. Abin da ya fi shi ne a gyara ta gidan, a ɗebi na yaro kafin a sa yaji.

Masana sun kasa abincin ƙananan yara gida takwas: nonon uwa, hatsi da su dankali da rogo, wake da gyaɗa, madara da kindirmo, nama da kifi da hanta, ƙwai, ganye da kayan marmari masu launin ja ko ruwan lemo irin su kabewa, karas, mangwaro, gwanda, sai sauran kayan lambu. Ana so yaro ya taɓa biyar daga ciki kowace rana. Da jin lissafin sai ki ce sai mai hali. Amma duba: nono ɗaya, kunun nan ya ba ki hatsi da wake, uku ke nan. Miyar taushe da kabewa da alayyahu, huɗu. Ƙwai ɗaya ko ɗan kifi, biyar. Ba a je kanti ba.

Gyaran da nake nufi ga shi. Ganye, ko zogale ko alayyahu ko rama ko yakuwa, a wanke shi kafin a yanka, kuma a sa shi a ƙarshe, minti biyar ya isa. Kanwar da muke jefawa don ganye ya yi kore ko wake ya yi saurin nuna tana kashe wasu sinadaran da ake cin ganyen dominsu. Ki jiƙa wake tun dare, zai nuna ba kanwa, ga sauƙin gawayi. Manja kada a bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari, jan nan shi ne amfaninsa ga ido da garkuwar jiki. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, alhali babban mutum ma bai kamata ya wuce giram 5 na gishiri a rana ba, wato ƙaramin cokali guda. In kina sa huɗu ki koma uku na mako biyu, sannan biyu, ki cike gurbin da daddawa da albasa da tafarnuwa da garin kifi. A hankali ake yi, in kin janye lokaci guda maigida zai ce miya ta yi salam. Gishirin kuma ki sayi mai aidin, ki rufe shi.

Zogalen da za ki daka, a inuwa ake shanya shi, cikin ɗaki mai iska. Wanda ya sha rana har ya koɗe ya rage amfani. Lokacin da kayan lambun rani ke shigowa daga wuraren dam ɗin Ajiwa da Jibiya da Zobe, tumatir da karas da kabeji na araha, nan ne za ki cika wa yara ciki da su, ki kuma yanka tumatir ki shanya kauɗa don damina.

Abinci uku nake komawa gare su in rana ta ƙure. Faten tsaki da wake da ganye, wanda ɗan wata takwas ma zai sha in an dame. Dambun zogale da gyaɗa, ga waɗanda suka fara tauna. Sai awara, wadda nake ganin ba mu ba ta darajarta ba: maimakon a soya ta tsamo-tsamo cikin mai, ki yanka ta ƙanana ki jefa cikin miyar tumatir, ta zama naman ranar.

Shayi da burodi da safe ya zama al'adar gidaje da yawa, amma ganyen shayi na hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Yaro ƙarami ba shi da buƙatarsa. Lemon zaƙi ko gwaiba bayan cin wake kuwa taimaka wa jinin suke yi. Maganar cewa yaron da ke cin ƙwai zai tashi da sata, ki saurara da ladabi in Gwaggo ta faɗa, sannan ki dafa masa ƙwansa har ya nuna sosai. Kuma ki ware wa ƙaramin kwanonsa. In an haɗa shi da yayyensa a tire ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun sheƙe, ke kuma ba za ki san abin da ya ci ba. Gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, aya, gurjiya da alewa mai tauri ba na yaron da bai kai shekara biyar ba ne, suna shaƙe maƙogwaro. Kunun da ya wuce awa biyu a ajiye a zafin garin nan, manya su sha, a dama wa yaro sabo. Wanke hannu da sabulu kafin girki, kafin ciyarwa, da bayan wanke wa yaro kashi, wannan ba sai na tsaya a kai ba.

In gudawa ta zo, kada ki tsayar da nono ko abinci. Ki ajiye fakitin ruwan gishiri da sukari a gida. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki nemi ƙwayar zinki a ba shi kwana 10 zuwa 14. Tef ɗin damtse kuwa ga yara 'yan wata 6 zuwa 59 ne: ja yana ƙasa da santimita 11.5, ruwan ɗorawa daga nan zuwa 12.5, kore sama da haka. Ja, ko kumburin ƙafafu biyu, tamowa ce mai tsanani, kunun gida ba ya maganinta, sai cibiyar lafiya. A Katsina ana kula da irin waɗannan yara, ƙungiyar likitoci ta MSF ma tana wannan aiki a jihar tun 2021. Babu abin kunya a kai yaro. Ki riƙa tambayar ɗigon bitamin A duk wata shida, kuma da damina in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro sun ƙwanƙwasa ƙofa, ki karɓa ki cika kwanakinsa.

Abin da zai riƙe hannun yara yayin da kike aiki

Duk wannan suya da tankaɗe ba za su yiwu ba in yara na rataye a wuyanki, kuma abin da ya fi sauƙi shi ne a miƙa musu waya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Saboda haka nake da wani tsohon kwando da ba ya saukowa sai lokacin girki. Da yake ba kullum suke ganinsa ba, ɗokinsa bai ƙare ba.

Abin da suka fi so a ciki shi ne ƙullun wasa. Fulawa kofi biyu, gishiri kofi ɗaya, mai babban cokali biyu, ruwa kamar kofi ɗaya ana zubawa kaɗan-kaɗan ana murzawa har ya daina kama hannu. Ki raba uku: ɗaya ki kwaɓa da ruwan zoɓo, ɗaya da kurkur, ɗaya ki bar shi fari. A leda mai ɗauri yana yin kwanaki. Ki ba su murfin kwalba da cokali da guntun kara, ki ga ikon Allah. 'Yata ta taɓa gina abin da ta ce hasumiyar Gobarau ce, har da matakala, ƙanenta ya zo ya zauna a kai. Gishirin da ke ciki yana da yawa, don haka na 'yan shekara biyu zuwa sama ne, kuma a gabanki. In fulawa ta yi tsada, yumɓu na nan, shi muka yi wasa da shi muka gina tukwane da shanu.

Ga mai rarrafe, ƙaramar robar ruwa a wanke ta bushe, a zuba wake cokali biyu, a ɗaure murfin tam a naɗe da salatif, ta zama kacau-kacau. Ki riƙa duba murfin kullum. Ki roƙi telanku guntayen atamfa, yawanci zubarwa ake yi. Ki yanka biyu daidai da tafin hannunki, ki ɗinke gefe uku, ki juya, ki cusa sauran ƙyallaye, ki rufe, ga ƙwallo mai laushi. Haka ake 'yartsana, sai dai ido da baki da zare za ki yi su, ban da maɓalli ko dutsen ado da za a ɓalle a haɗiye. Bayan kaka kara na ko'ina: ki feƙe ɓawon da kanki saboda yana yanka, ki ba 'yan shekara huɗu da biyar totuwar da siraran ɓawon su haɗa mota da gado da tabarau. Murafen lemo masu launi daban-daban kuwa sun isa koyar da ƙirga da rarrabe launi ga wanda ya daina kai komai baki.

In akwai tsohuwa a gidan da ta iya saƙar faifai ko mafici da kaba, ki zaunar da babbar 'yarki kusa da ita, ke ma ki ɗauki naki. Sana'a ce da ke ɓacewa a cikin birni, kuma yaron da ke zaune ana saƙa ana ba shi labarin Gizo da Ƙoƙi yana kwasar kalmomin da waya ba za ta ba shi ba.

Jikinki ke ma

Za ki ce, da daka da shara da wanki da goyo, wane motsa jiki kuma? Gaskiya ne aiki ne, kuma yana cikin lissafi. Sai dai yawancinsa a sunkuye ake yi, yana cin baya ne, ba ya gina shi. Abin da ake so ga babba shi ne minti 150 a mako na motsin da ke ɗan ɗaga numfashi, wato minti 30 sau biyar, kuma ana iya yanka shi goma-goma.

Ki fara da wanda ba mai gani. Ki matse ƙasanki kamar kina riƙe fitsari da iska lokaci guda, ba tare da kin riƙe numfashi ko kin matse cinya ba. Ki ƙirga uku ki saki, ki huta uku, sau goma. Sau uku a rana, kina ƙara ƙirgen har goma. Ana yinsa a zaune ana shayarwa. Shi ke taimaka wa ɗigar fitsarin da ke zuwa da tari ko atishawa bayan haihuwa, abin da mata da yawa ke fama da shi a ɓoye. Kada ki mayar da shi abin yi lokacin da kike fitsari.

In haihuwar lafiya ce, tattaki a hankali cikin gida ba laifi tun kwanakin farko. Mai ƙarfi ki bari sai an yi arba'in an duba ki. In aiki aka yi miki, sai likita ya ce to. Kafin ki fara na ciki, ki kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙware, ki sa yatsu a saman cibiya, ki ɗan ɗaga kai. In kin ji rami da ya fi yatsu biyu faɗi, naman cikin bai gama haɗewa ba, ki guji motsin kwanta-tashi, ki nuna wa ma'aikaciyar lafiya.

Ga zagayen minti goma da nake yi bayan asuba, kafin rana ta fito, domin daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina na haura digiri 40. Minti uku na zagaya tsakar gida da sauri, daga bakin zaure zuwa madafa. Sannan ki kifa turmi ko ki ajiye kujera, ki zauna ki tashi sau goma ba dafa gwiwa, dugadugai a ƙasa. Ki fuskanci bango, tafuka a kai daidai kafaɗa, ki kai ƙirji ki turo, sau goma. Ki kwanta a tabarma, gwiwoyi a tanƙware, ki ɗaga ƙugu sama ki ƙirga uku ki sauke, sau goma, wannan shi ne maganin bayan mai goyo. Ki ɗauki robar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu, ki ɗaga sama ki sauke, sau goma. Ki rufe da tattaki a hankali. Mako na farko zagaye ɗaya, na uku biyu. Ma'auninki numfashi: in kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa, daidai ne.

Sauran mintunan yara za su biya miki su da la'asar. Su ma ana so 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu su samu awa uku na motsi a wuni, jariri kuma a riƙa kifa shi a kan cikinsa yana farke, jimillar minti 30, kina kusa. Ki zana 'yar gala-gala da gawayi, ki yi tsallen igiya in ƙasanki ya yi ƙarfi, ki bi su da gudu, ki kira matan gidan a yi gaɗa. In da hali, ziyarar da za ki hau Keke Napep dominta, in ba nisa, ki taka.

In ɗaukar yaro ko bokiti za ki yi, ki tsuguna ki ɗauka, kada ki sunkuya. Ki tsaya nan take in jini ya ƙaru, ko jiri ya ɗebe ki, ko kin ji ciwon ƙirji. Haki ba dalili, kumburin ƙafa, ko kasa kwanciya sai an tara matasai a watannin bayan haihuwa, alamun ciwon zuciya ne, a tafi asibiti a ranar. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawaitar wannan ciwo ga masu jego da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Ki yi wankanki da ruwa mai ɗumi da jiki zai ɗauka, kunun kuma a dama na gyaɗa ko na tsamiya. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook da ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, duka biyun ki nisance su, balle kina shayarwa.

Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci, ba ragi ba. In kin dama wa yaro kunun nan, ki ƙara cokali huɗu a tukunyar, ki zuba naki a kofi, ki zauna ki sha tare da shi tun da ɗuminsa, kafin ki tashi zuwa wanke-wanke.